Ajin Bayan Ƙararrawa

Mu goma sha ɗaya ne,
in ba a tsare Rifkatu a shagon mamarta ba.
Ɗakin gwaje-gwajen da rufinsa ke yoyo
shi aka yarje mana,
ranar Laraba, bayan an buga ta tashi.

Malama Tabawa ba ta zo da alli ba.
Waya ta ajiye kan tebur, gilashinta a tsage,
ta ce: ku duba.
Kasuwa ce ke ci da wuta,
a ƙasa an rubuta: Kakuri, yanzu-yanzu,
ku tura wa 'yan uwa kafin a goge.

Na san hoton.
Daren jiya da yatsana na tura shi
ga mutum bakwai, har da Kawu Sale mai keke-napep,
wanda ya kai bakin gada da fasinja uku,
ya duba waya, ya juya kan keke,
gidansa aka kwana ba cefane.
Ban ce uffan ba.
Na duƙar da kai ina ƙirga tururuwa.

Wa ya ɗauka? in ji Malama.
A ina ya tsaya? Wace shekara?
In kun tsorata, tukunyar wa za ta tafasa?

Ishaku ya kanne ido ɗaya:
lambar motar nan ba irin tamu ba ce.
Rifkatu ta ce: bayan kasuwar muke,
da safen nan na sayo attarugu wurin Iya Bose,
ko toka ban taka ba.
Gambo, da sai a yi mako ba a ji muryarsa ba,
ya ɗora farce gefen hayaƙin:
wannan teku ne ko idona?
Muka yi dariya,
irin wadda ake yi bayan mota ta kuskure mutum.

An ce gani ya kori ji, in ji Malama,
amma ganin zamanin nan
sai kun tambaye shi sunan ubansa.

Wata Larabar ta juya tambayar:
wa ba ku taɓa gani a cikin waya ba?

Haka muka isa ƙofar tsohuwar masaƙa,
inda ciyawa ta fi ɗan aji uku tsawo.
Baba Yohanna na zaune kan bulo,
takardar sallamarsa a leda biyu,
shekara ashirin da shida yana saƙa atamfa,
rigar jikinsa gwanjo.
Muka nemi izini kafin mu kunna.
Da muka gama na karanta masa abin da na rubuta.
Ya ɗaga hannu:
ban ce sun cuce mu ba, yaro,
cewa na yi ba su biya mu ba.
Sa yadda na faɗa, sauran mai karatu ya ƙarasa.

Na goge. Kunnena ya yi zafi.

Mun manna labarin a allon sanarwa,
ruwan Agusta ya cinye rabin sunansa.
A waya, mutum arba'in da uku suka buɗe.
Wutar ƙarya kuwa, wa ya san iyakarta?
Na tambayi Malama ko ba asara muke ba.
Ta ce: je ka tambayi mutum na arba'in da uku.

Kawu na fara zuwa.
Na ce ni na turo maka wutar nan.
Ya daɗe yana goge madubin kekensa,
sannan ya ce: kuɗin mai na ranar yana wuyanka.

Jiya da dare waya ta sake kuka.
Wani hoto, wani yanzu-yanzu.
Yatsana ya tashi da kansa, ya san hanya.
Na danne shi da ɗan'uwansa,
na kira Rifkatu can ƙetaren kogi.
Ta ce lafiya lau,
an dai ɗauke wuta,
tana wanke-wanke da fitilar waya a baki.